Makulli a Hannun Wa? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Birnin Kebbi Zuwa ga Shugaban Hukumar NCC

Zuwa ga Dakta Aminu Maida,
Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, Abuja.

 

A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da Honorabul Dalhatu Tafoki, mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya gabatar, inda ta nemi NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su toshe shafukan batsa baki ɗaya, ta kuma hukunta duk kamfanin da ya ƙi bi. Ƙuduri ba doka ba ne, amma kira irin wannan ba ya mutuwa. Yana dawowa duk lokacin da wani bidiyo ya fasu, ko wani uba ya karɓi wayar ɗansa ya ga abin da ya hana shi barci. Ranar da za a zartar da shi, ko a matsayin toshewa ɗungurungum ko a matsayin matatar da za a ɗora wa kowane layi sai wanda ya nemi a cire masa, a kan teburin Shugaban NCC maganar za ta sauka.

A Birnin Kebbi da Argungu babu mai musun cewa damuwar gaskiya ce. Malaman makaranta sun sani, malaman Islamiyya sun sani, uwar da ta ba yaro ɗan shekara 10 wayarta ya kalli zanen yara ta sani. Mai wannan wasiƙa yana cikin masu son a kare yaran nan, kuma ba ya ganin wani alheri a batsa. Abin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada a gina wata katanga mai tsada wadda yaran za su zagaye ta cikin mako guda, ta kuma bar wa gwamnati ikon da ba a taɓa ba ta ba: ikon rufe abin da ta ga dama a ɓoye, da sanin abin da kowane baligi yake karantawa a ɗakinsa.

A fara da yadda abin yake yawo a nan. Wanda ya zauna a Abuja yana iya ɗaukar cewa yaro yana buɗe wani shafi ne ya rubuta adireshi. A kasuwar Birnin Kebbi da tashoshin mota na Argungu da Jega da Kamba, hanyar ta bambanta. Akwai rumfunan masu cajin waya da masu tura fina-finai, inda ake cika memori da waƙoƙi da fassarar fina-finan Indiya da wa'azi a kan kuɗi kaɗan. Mafi yawansu sana'ar halal suke yi, amma ta irin wannan ƙofa ɓarna ma take shiga. Daga nan sai waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ba data, ba sabis, ba kamfanin sadarwa a tsakani. Sauran kuma yana bi ta rukunonin WhatsApp da Telegram, da TikTok, da X wanda tun 2024 ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa ya yarda da irin waɗannan hotuna in an yi musu alama. Dakta Maida injiniya ne, ya fi kowa sanin cewa kamfanin waya yana iya ganin sunan shafin da mutum ya nufa, amma ba ya ganin abin da ke cikin saƙon WhatsApp, domin a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Don haka zaɓin biyu ne: ko a rufe manhajar baki ɗayanta, tare da cinikin shinkafa da albasa da karatun da ake yi a cikinta, ko a bar ta yadda take.

Kano ta riga ta ɗanɗana wannan darasi. Tun 2001 jihar take da Hukumar Tace Fina-finai. Amma bidiyon wata 'yar fim da ya tayar da ƙura a 2007 bai bi ta wani shafin intanet ba, bai bi ta gaban hukumar ba. Daga waya zuwa waya ya ratsa Arewa. Abin da ya biyo baya shi ne dakatar da shirya fina-finai na watanni, da kame, da ɗauri. A ƙarshen 2008 aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, mutumin da bai da hannu a wancan bidiyo, wanda kuma ya nemi kujerar gwamna a zaɓen 2007. Hukunci ya faɗa kan waɗanda hannu ke iya kaiwa gare su, bidiyon kuwa ya ci gaba da yawonsa.

Jihar Kebbi kuma tana da wani abu da Kano ba ta da shi, wato iyaka da ƙasashe biyu. A Kamba da Dole Kaina da Kangiwa, mutum yana iya riƙe layin Nijar ko na Benin a aljihu ɗaya da na Najeriya, kuma umarnin NCC ba ya tsallaka iyaka. Ko a cikin gari, matasa sun koyi amfani da VPN, manhajar zagaye toshewa, tun 2021, kuma gwamnati ce da kanta ta koya musu.

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ranar 4 ga Yunin 2021, kwana biyu bayan Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta sanar da dakatar da shi, kamfanonin waya suka toshe washegari. Ofishin Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan Birnin Kebbi, ya ba da umarnin gurfanar da masu karya haramcin. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma a watan Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Kafin wannan, a 2017, an toshe shafuka 21 bisa buƙatar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ba tare da an je kotu ba. A Janairun 2021 masu karanta jaridar Peoples Gazette sun wayi gari shafinta ba ya buɗuwa a manyan layukan waya. A Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗungurungum a Zamfara, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suna hawa mota zuwa wani gari don su gaya wa ɗan'uwa cewa an yi rasuwa. A Fabrairun 2024, lokacin Dakta Maida yana kan wannan kujera, aka toshe shafin Binance da wasu irinsa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalilin da aka bayar, wasu ma dalilin yana da ƙarfi. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne talaka bai ga takardar umarnin ba, bai san wa ya sa hannu ba, bai san inda zai kai ƙara ba.

To, in haka ake yi alhali babu wata na'urar tacewa ta dindindin, yaya za a yi ranar da aka girka ta a kowane kamfani, da jerin sunayen shafuka wanda ba mai iya gani? Ƙara suna ɗaya a jerin ba ya buƙatar majalisa ko alƙali, waya ɗaya ta isa. Yau shafin batsa ne, kuma kowa zai yi tafi. Gobe shafin da ya wallafa labarin kwangilar da aka karɓi kuɗinta ba a yi ba, ko hoton makarantar da rufinta ya yaye. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa matasa biyu bulala saboda bidiyon TikTok da suka yi kan gwamnan jihar. Tazarar da ke tsakanin kare tarbiyya da kare mai mulki ba ta da faɗi a ƙasar nan, kuma Shugaban NCC ba zai dawwama a ofis ba. Na'urar ce za ta dawwama, a hannun wanda ba a san ko wane ne ba tukuna.

Akwai masu cewa a bi tsarin Ingila, inda Dakta Maida ya yi karatunsa mai zurfi: a kunna matatar ga kowa, baligin da ke so ya nemi a cire. Yana da kyau a duba yadda ta kaya a can. A Yulin 2013 Firaminista David Cameron ya sanar da tsarin, manyan kamfanoni huɗu, BT da Sky da TalkTalk da Virgin Media, suka karɓa. Kafin shekarar ta ƙare binciken BBC ya nuna matatar tana rufe shafukan ilimin lafiyar jiki da na cibiyoyin taimakon matan da aka yi wa fyaɗe ko ake duka a gida, alhali wasu shafukan batsar suna wucewa. A 2014 ƙungiyar Open Rights Group ta gwada shafuka 100,000 mafiya farin jini, ta tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar a toshe suke a wani kamfanin ko wani. A shekarar ce kuma hukumar Ofcom ta bayyana cewa mafi yawan sababbin masu sayen intanet sun ƙi matatar da aka tambaye su. Wannan a ƙasar da aka ƙera matatar da harshenta ke nan. Kamfanonin da ke haɗa irin wannan jeri ba su san Hausa ba, balle Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci. Littattafan batsa na Hausa da ake rabawa a rukunoni, da tallan kayan mata mai ƙazamin lafazi, za su bi ta ƙasan matatar lafiya lau. Masunta a Argungu sun san abin da raga mai ƙananan idanu ke yi wa ruwa: ta kwashe 'ya'yan kifi da duk wani abu mai amfani, ƙaton da ake nema kuwa yana can cikin zurfi.

Abin da za ta kwashe a Kebbi ba ƙarami ba ne. A unguwar Gesse ta Birnin Kebbi akwai cibiyar kula da masu yoyon fitsari, inda mata ke zuwa daga ƙauyukan jihar da ma ƙetaren iyaka. Ma'aikaciyar jinyar da ke can, da ɗalibar ungozoma, da ɗalibin likitanci a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, duk aikinsu yana buƙatar hotuna da bayanan sassan jikin da na'ura ke ruɗewa a kansu. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta shafe shekaru tana yawo a jihar nan da gidauniyarta ta Medicaid tana koya wa mata yadda za su duba nono da kansu da muhimmancin gwajin sankarar bakin mahaifa, kuma tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata rigakafin ƙwayar HPV. Mace mai kunya da ta ji ƙullutu a jikinta, wadda ba za ta iya faɗa wa miji ko suruka ba, sau da yawa wayarta ce wurin tambayarta na farko, da tsakar dare. In ta tarar da shafin a rufe ba za ta rubuta wa NCC ƙorafi ba. Za ta yi shiru, sai ciwon ya ci ƙarfinta a kawo ta asibiti.

Ko karatun addini bai tsira ba. Ahalari da Ishmawi da Risala, waɗanda ake karantawa a zaurukan Gwandu da Argungu tun kaka da kakanni, suna da babuka kan janaba da haila da jinin biƙi da abin da ke wajabta wanka, a fili ba kwana-kwana. Malamai ba su ɗauki wannan batsa ba, na'ura mai farautar kalmomi kuwa ba ta da malami.

Sai maganar cirewa, wadda a takarda take da sauƙi. Tun Disambar 2020 aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN, aka rufe ƙofa a Satumbar 2024. Ma'ana duk wanda ya nemi a cire masa matata, sunansa da hotonsa da adireshinsa suna manne da buƙatar. Wani jeri zai samu, na 'yan Najeriyar da suka ce a buɗe musu, kuma duniya za ta karanta shi a matsayin jerin masu kallon batsa, ko da rabinsu ungozomomi ne da masu bincike da lauyoyi. A Legas mutum yana iya ɓacewa cikin jama'a. A Argungu wanda ke zaune a shagon rajistar layi ɗan maƙwabci ne, ko tsohon ɗalibi, ko ƙanin matar mutum. Wace malamar asibiti ce za ta tsaya a gabansa ta ce a cire mata? Kuma wa zai riƙe jerin? A 2024 'yan jarida masu bincike da ƙungiyar Paradigm Initiative sun nuna cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har ƙungiyar ta sayi na Ministan Sadarwa Bosun Tijani don ta kafa hujja. A waje ma haka ne: bayan Ingila ta wajabta tantance shekaru a Yulin 2025, manhajojin VPN suka hau saman jerin waɗanda aka fi saukewa, kuma a Oktoban shekarar kamfanin Discord ya amsa cewa hotunan katin shaidar mutane kusan 70,000 sun fita ta hannun wani kamfani da yake yi masa aiki. A Najeriya kuwa, ƙasar da a Yulin 2024 kamfanin Meta ya goge asusun Instagram kusan 63,000 na masu yi wa mutane barazanar tona asiri don karɓar kuɗi, irin wannan jeri jari ne ga ɓata-gari. Ga ɗan siyasa kuma makami ne a kan abokin hamayya ana saura mako biyu zaɓe.

Akwai kuma tambayar da tsarin Ingila bai tanadi amsarta ba: wayar ta wace ce? A gidajen manoman fadamar Rima waya ɗaya ce ke yi wa gida duka aiki. Da ita maigida ke jin farashin buhu a kamfanin WACOT na Argungu ko Labana na Birnin Kebbi, da ita uwargida ke gaisawa da 'yarta da ke aure a Yauri, da ita yaro ke duba sakamakon JAMB. Layin kuma sau da yawa da sunan wani yaya aka yi masa rajista, domin shi ne mai NIN a lokacin. In yayan ya cire matata, an cire wa yaran gidan. In bai cire ba, an mayar da dattijo ɗan shekara 60 yaro.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 39 ya ba shi 'yancin karɓar bayani. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita su don kare tarbiyyar jama'a, amma ta hanyar doka, ba ta wasiƙar ofis ba. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. Mutanen ƙasar Gwandu ba sa buƙatar a aro musu wannan daga Turai. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma malaman da suka yi rubutu kan hisba sun bambanta ɓarnar da ta fito fili, wadda hukuma ke hanawa, da abin da mutum ya rufe ƙofarsa a kai, wanda ba a haura katanga don a gano shi. Wanda ya kira a girka idon gwamnati a kowace waya da sunan addini, ya kamata ya amsa wannan tukuna.

Abin da ake roƙo a wurin Shugaban NCC shi ne ya miƙa makullin ga iyaye. Hukumar ta taɓa yin irinsa ya yi aiki: lambar 2442 da ake aika wa saƙo don tsayar da tallace-tallacen da ke damun mutane. A samar da lamba makamanciyarta, kyauta, wadda uba ko uwa ko shugaban makaranta zai aika wa saƙo a kunna matata a layin yaro, da bayani cikin murya da Hausa ga wanda ba ya karatu. Wanda ya kunna ba abin kunya ya yi ba, don haka jerin masu kunnawa ba ya cutar da kowa, kuma wanda bai kunna ba ba a tambaye shi dalili ba. Makarantu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da ɗakunan karatu, daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie zuwa Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, su tace intanet ɗinsu da kansu gwargwadon buƙatar ɗalibansu. Hotunan lalata da ƙananan yara kuwa babu jayayya a kansu. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta riga ta haramta su, a toshe su, a kamo masu yi da masu rabawa, a kuma ba yarinyar da saurayi ya yi wa barazana da hotonta wurin da za ta kai kuka ba tare da an fara tuhumarta ba.

Duk wani shafi da za a toshe wa ƙasa baki ɗaya, ya zama da umarnin kotu, a wallafa sunansa da dalili, mai shafin da mai karatu su san inda za su ɗaukaka ƙara, kuma a hana kamfanonin waya ajiye tarihin abin da mutum ya nema don wannan manufa. 'Yan Najeriya sun karɓi ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar ta amince da shi a Janairun 2025, alhali ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Augie da Arewa da Danko-Wasagu har yanzu sai an hau tudu ake samun sabis. Ba daidai ba ne a ɗora musu kuɗin na'urar da za ta sa musu ido.

Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa NCC sauraron jama'a kafin ta kafa sabuwar ƙa'ida. Irin wannan zama yawanci a Abuja ko Legas ake yin sa, da Turanci, tsakanin lauyoyin kamfanoni. A wannan karon a kawo ɗaya Birnin Kebbi. Lokacin da wasu jihohin Arewa suka juya wa allurar shan inna baya a 2003, ba umarni daga sama ya dawo da ita ba; sarakuna da malamai ne suka bi gida-gida, kuma Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, yana cikin waɗanda suka daɗe suna jan wannan aiki. Hanyar tana nan. A gayyaci fadar Gwandu da ta Argungu, da Hisba, da ƙungiyar malaman makaranta wadda Gwamna Nasir Idris ya taɓa shugabanta a ƙasa baki ɗaya, da ma'aikatan Gesse, da shugabannin masu cajin waya da tura fina-finai, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ke shiga wayar yara da kuma hanyar da yake bi. A nuna wa iyaye, da wayoyinsu a hannu, yadda ake kulle manhaja da yadda ake duba abin da yaro ya sauke. Kafin ranar wannan zama, ana roƙon Dakta Maida ya wallafa amsar da hukumarsa ta ba Majalisar Wakilai kan ƙudurin Maris na 2025, da jerin duk shafukan da ke toshe a Najeriya a yau bisa umarnin NCC.